Motar gida ta ritaya: a fara da taya, sola ta jira

Wani dattijo mazaunin Houston a jihar Texas ya rubuto. Ya yi ritaya, ya sayi motar gida ta hannu, irin mai wurin kwana da girki a ciki, wadda ake kira RV. Shi da Hajiya suna so su yi shekara suna zaga Amurka, su leƙa 'ya'ya a Minnesota, daga baya su je Zinder su yi watanni. Dillali ya lissafo masa sola, batirin litiyam, talabijin da na'urar intanet. Shi yana da shaidar zama ɗan ƙasar Amurka, Hajiya katin zama na dindindin gare ta. Da me zai fara?

Alhaji, Allah ya sanya albarka a hutun nan. Amma ka ajiye takardar dillali tukuna, ka durƙusa ka duba tayoyi. A gefen kowace akwai lambar da ta fara da haruffan DOT, kuma alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar motar gida tsufa ke kashe ta, ba tafiya ba, don yawanci a ajiye take rana na dukanta. In ta kai shekara 6 ko 7, canza ta ko da zanenta na nan sabo fil, ka haɗa da na'urar da ke nuna iskar taya kana cikin tuƙi. Fashewar taya a kan babban titi cikin zafin Texas ba abin wasa ba ne.

Sai nauyi, inda mutanenmu suka fi faɗawa. Kusa da ƙofa akwai takardar da ta faɗi iyakar kayan da motar ke ɗauka. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ga buhun shinkafa, ga tukwanen Hajiya, ga tsarabar jikoki. Ku loda yadda za ku tafi, ku hau sikelin tashar manyan motoci. In iyakar nauyin motar ta haura laba 26,000, Texas na buƙatar lasisi na daban, ba na ƙaramar mota ba.

Na'urar gano hayaƙi mai guba da ta gano yoyon gas su ma suna da wa'adi, kuma ba su da tsada. Haka na'urar kare wuta da ake sa wa tsakanin mota da soket ɗin sansani, wato masaukin irin waɗannan motoci, don wutar wasu sansanonin ba ta da tabbas. Firizar ajiye naman halal ma ta cancanci kuɗinta, tunda a ƙauyukan Montana ba mahautanmu.

Sola kuwa, ku fara tafiyar wata biyu ku ga irin zaman da ya yi muku. In a sansani mai wuta kuke kwana kullum, kuɗinta asara ne. In zaman daji ne ya ja ku, a filayen hukumar kula da filayen tarayya, BLM, da galibi ake barin mutum kwana 14 kyauta, to nan litiyam ke da rana: batirin ruwa rabin cajinsa kawai ake ci, shi kuwa kusan duka. Sai dai ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, ka tuna da wannan kafin hunturun Minnesota. Kuma kada kowa ya ce maka sola 'yar kaɗan za ta ja na'urar sanyaya ɗaki. Wannan aikin janareto ne.

Abin da dillali ba zai faɗa maka ba shi ne takardu. Kada ku saki adireshi, don lasisi, inshora da wasiƙun gwamnati duk a kansa suke. In kun canza, doka ta ba Hajiya kwana 10 ta sanar da hukumar shige da fice da fom ɗin AR-11. Katinta ya kasance a jakarta kullum, musamman a kudancin Texas da Arizona, inda ake tsayar da motoci a shingayen bincike. Kanada kuwa tana iya shiga ba biza, da fasfo mai rai da katin. Duba Medicare ɗinka ma, wato inshorar lafiyar dattawa ta gwamnati: na asali yana aiki a kowace jiha wurin likitan da ke karɓarsa, amma yawancin tsarin Advantage, na kamfanoni masu zaman kansu, a ɗaure suke da asibitocin yanki guda. Wanda ya kai shekara 62 a cikinku ya sayi katin dattawa na gandun dajin ƙasa, dala 80 na har abada, wanda ke rage rabin kuɗin kwana a sansanoni da dama na tarayya.

Batun Zinder, Hajiya ta dawo kafin wata 6. In zaman zai kai shekara, ta nemi izinin sake shigowa da fom ɗin I-131 tun tana Amurka. Medicare ba ya biyan jinya a Nijar, motar kuma za ta ci kuɗin ajiya da inshora kuna can. Ware waɗannan da kuɗin jirgi tun yanzu. Abin da ya rage shi za a yi cinikin sola da shi.