Giyar Hannu ko Otomatik: Wacce Ta Dace da Tirela?

Tambaya: Ina shirin sayen kan tirela. Wasu sun ce giyar hannu ce mai ƙarko, wasu sun ce zamaninta ya wuce. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Malam, ka fara sanin cewa yawancin abin da ake kira otomatik a tirela giyar hannu ce a ciki. Kuloci na nan, kwamfuta ce dai ke taka shi ta sauya giya da ƙarfin iska. I-Shift ta Volvo mai giya 12 irinta ce. Tana rage shan man dizal, tana hutar da ƙafar direba a cunkoso, kuma sabon direba ba ya saurin ƙone kuloci.

Matsalarta iska da wuta. Tiyon iska ya yi yoyo ko batir ya yi sanyi, sai giya ta ƙi shiga, mota ta tsaya cak. Gano laifin kuma sai makanike mai na'urar kwamfuta. In kana lallaɓa ta a hankali kan tudu da kaya mai nauyi, kuloci ya kan yi zafi.

Giyar hannu, kamar Eaton Fuller mai giya 10, 13 ko 18, kusan kowane makanike zai buɗe ta, amma hannun direba ne ƙarkonta. Mai ƙwacen giya zai cinye haƙoranta.

Doguwar kwalta, ɗauki otomatik. Laka, yashi, ko wurin da ƙwararren makanike ke nesa, giyar hannu. Kowacce ka saya, in za a ja motar da wata mota, a kwance farfela (sandar ƙarfen da ke kai juyin giya zuwa tayoyin baya) tukuna, don giyar ba ta samun mai in inji a kashe yake.