Tambayi Likita: An auna ni ba a ga komai ba, amma jiki bai daina ciwo ba

Tambaya: Likita, ina yi maka fatan alheri. Shekaruna 48, ina unguwar Bagalam a Maraɗi. Bara maigidana ya rasu. Tun da na fita takaba wuyana da kafaɗuna da gadon bayana suke ciwo, kaina kamar an ɗora mini dutse, barci kuma sai ɓarawo. An auna jinina ba zazzaɓin sauro, awon hawan jini ma lafiya lau. Dangi sun fara cewa raki ne.

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan maigida, Ya ba ki haƙuri. Ba raki kike yi ba, ciwonki na gaske ne, kuma ina jin zafin yadda ake saurin yanke wa mata irin wannan hukunci.

Idan mutum yana cikin baƙin ciki ko fargaba, jiki yana sakin sinadarai biyu, adirenalin da kotisol, daga wasu ƴan ƙullutai da ke bisa ƙoda. Aikinsu su shirya mutum ya gudu ko ya kare kansa: zuciya ta ƙara bugu, naman jiki ya ɗaure. Na ɗan lokaci wannan alheri ne. Amma in damuwa ta yi watanni, naman wuya da kafaɗa sai su kwana a ɗaure su tashi a ɗaure, kamar wadda ta yini da tulu a ka ba ta sauke ba. Ga kuma rashin barci, wanda shi kansa yana sa ƙwaƙwalwa ta riƙa jin ƙaramin ciwo kamar babba. Awon jinin da aka yi miki ba ya nuna ko ɗaya cikin waɗannan.

Akwai kuma shekarunki. Tsakanin 45 zuwa 55 ne yawancin mata ke ɗauke al'ada, lokacin da ciwon gaɓoɓi da zufar dare kan zo.

Ki koma asibiti, wannan karon ki faɗi maganar rasuwar da ta barcin, kada ki tsaya ga bayan kawai. In kin fi mako 2 ba abin da ke miki daɗi, abinci ya fita ranki, kuka na zuwa ba dalili, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Akwai ma wanda ke taimaka wa ciwon jiki da barci a lokaci guda, amma likita ne zai rubuta shi. In kuwa kika ga rama, ko zazzaɓi, ko ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari na kufce miki, kada ki kwana ba ki je ba.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, shekara 41, ina ɗauko kaya ta Jibiya. Tun rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 bashi ya hau kaina. Yanzu furfura ta cika mini kai, har sa'o'ina na ce mini Baba. Da gaske tunani na tsofar da mutum?

Amsa: Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya. A 2004 wasu masana a Amurka, Elissa Epel da Elizabeth Blackburn, sun binciki iyaye mata masu jinyar ƴaƴa marasa lafiya. Sun tarar waɗanda suka fi daɗewa cikin wahalar, wani ɗan murfi da ke ƙarshen zaren gado cikin ƙwayoyin jikinsu, ana ce masa telomiya, ya fi gajarta, abin da aka saba gani ga masu manyan shekaru. Furfura kuwa, mafi yawanta gado ce, ka dubi kan mahaifinka da kawunnanka. Ni ba ita ke damuna ba. Hawan jini da ciwon suga ne, don su ba sa sallama. Ka auna su cikin wannan mako. Ka kuma riƙa takawa da ƙafa, minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, wato rabin awa sau 5. Bayan sallar asuba ya fi, kafin ranar Maraɗi ta buɗe. Maganar bashin kuma ka daina haɗiye ta kai kaɗai, ka zauna da uwargida ko wani amini ku yi lissafi tare.

Tambaya: Kabu-kabu nake yi. In ban sha tiramol ba jikina kamar an yi mini duka, raina kuma a ɓace. Wani lokaci ina haɗawa da diklofenak.

Amsa: Ƙanena, wannan ciwon da kake ji in ba ka sha ba, ƙwayar ce da kanta ke jawo shi, jikinka ya riga ya saba da ita. Tiramol na iya kayar da mutum da farfaɗiya, ka tuna kana bisa babur da fasinja a bayanka. Shan diklofenak, maganin ciwon jiki, kullum kuma yana cin ciki, yana lalata ƙoda. Kada ka yanke tiramol rana ɗaya, za ka sha wuya ka koma. Ka zo asibiti da kwalin a hannunka, ka faɗi ƙwaya nawa kake sha a yini ba ragi, a tsara maka yadda za ka riƙa saukowa sannu a hankali.