Tambayoyinku Kan Fasaha: Handawut ɗin da waya ta kasa karantawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata babbar makaranta nan Sakkwato. Cikin ɗalibaina akwai makaho, yaro mai hazaƙa. Duk handawut ɗin da na tura a guruf ɗin WhatsApp sai ya ce wayarsa ta ƙi karanta masa, sai ya jira abokinsa ya karanta masa da dare. Ni kuma PDF nake turawa kamar kowa. Ina matsalar take? Daga wata malama, Runjin Sambo.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika tambaya, don da yawa ba su ma lura ba.

Ɗalibinki yana amfani da manhajar da ke karanta abin da ke kan fuskar waya da murya. A wayar Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. Rubutu take karantawa. To, PDF iri biyu ne. Akwai wanda aka fitar kai tsaye daga Word, haruffansa na nan daram. Akwai kuma wanda aka buga a takarda, aka ɗauki hotonta da waya ko aka yi sikanin a shagon fotokwafi, aka haɗa ya zama PDF. Ke da idonki duk ɗaya ne. A wurin manhajar, na biyun hoto ne kawai, babu harafi ko ɗaya a ciki. Shi ya sa wayarsa ke yin shiru.

Gwajin ba wuya. Buɗe fayil ɗin, ki danna kan wata kalma ki riƙe. In ta yi shuɗi har za ki iya kwafe ta, zai karantu. In ba ta motsa ba, hoto ne.

Maganin yana hannunki tun kafin fayil ya bar kwamfutarki: ki tura masa ainihin fayil ɗin Word da kika rubuta. Sannan ki gyara abu biyu. Kanun darasi, kada ki ƙara musu girma da kauri kawai, ki zaɓi Heading 1 da Heading 2. Da su ne zai riƙa tsallakawa daga babi zuwa babi, maimakon ya saurari shafi arba'in daga farko duk lokacin da yake neman sakin layi ɗaya. Ki yi tunanin kaset ɗin da ba a iya turawa gaba, haka handawut marar kanu yake gare shi. Na biyu, duk hoto ko zane da ke ciki, ki danna shi da hannun dama na linzami, ki zaɓi Alt Text, ki rubuta jimla ɗaya ko biyu kan abin da zanen ke nunawa. A cikin Word, ƙarƙashin Review akwai Check Accessibility, zai nuna miki abin da kika manta.

In tsohon handawut ne da babu asalinsa, ki ɗora shi a Google Drive ki buɗe da Google Docs, zai ciro rubutun daga hoton. Amma sai kin bi shi da ido. Takarda mai duhu tana ruɗa shi, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan fito a gurguje.

Wannan haƙƙinsa ne, Malama. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi damar ilimi ba tare da bambanci ba. Yaron da ya sha wahala har ya kai babbar makaranta bai kamata karatunsa ya rataya kan ko abokinsa ya gaji a daren ba.

Tambaya: Malam, ƙanwata kurma ce. Malamansu kan turo bayani da saƙon murya ko bidiyo. Akwai manhajar da za ta mayar mata da shi rubutu? Daga wani mai karatu, Mabera.

Amsa: Akwai, Malam, amma kada ka sakankance. Live Transcribe na Google, wanda ya fito a 2019, yana rubuta magana nan take, YouTube ma yana sa rubutu da kansa a ƙasan bidiyo. Suna ƙoƙari in Turanci ne tsantsa kuma babu hayaniya. Malamanmu kuwa sukan fara da Turanci su gangaro Hausa, ga ƙarar fanka ko janareta a baya. A nan rubutun kan rikice, kuma ita ba ta da hanyar gane cewa an yi kuskure. Ranar jarrabawa da lambar ɗaki ba abin da za a bar wa inji ba ne.

Ta je wurin malaman, ko kai ka raka ta, a roƙe su duk saƙon murya su biyo shi da rubutu, ko layi uku ne. Mai yin bidiyo kuma ya tura takardar da ya karanta daga ciki. Sauran 'yan aji ma za su gode, don rubutu ba ya cin data kamar bidiyo.

Tambaya: An ba ɗana makaho laftop, an ce sai mun sayi JAWS, manhajar da ke karanta masa fuskar kwamfuta da murya, kuɗin kuma sun fi ƙarfinmu. Daga wani uba, Arkilla.

Amsa: Baba, ba sai kun saya ba. Ku sauke NVDA, mai irin aikin JAWS, daga shafin NV Access, kyauta ne. Makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina shi, kuma tun 2006 yake aiki a kan Windows. Ana iya sa shi a filas, ya tafi da shi kafe ko ɗakin kwamfuta na makaranta. Ya fara da koyon wurin haruffa a kan kibod, sannan harafin H, wanda ke kai shi kanu na gaba a shafin intanet. Ku haɗa masa da abin sa wa a kunne mai waya, wanda ba ya buƙatar caji.