Dalilin da Ke Sa Tsohon Babur Ya Shaƙe Idan An Murɗe Totur

Ka tambaye ni game da tsohon Jincheng ɗin da aka kawo maka, wanda yake tashi da shuri ɗaya, yake zama a silo lafiya lau, amma da zarar an hau kwalta an murɗe totur sai ya fara shaƙewa yana ja da baya. Ka ce ka wanke kafireta, ka yi ta juya sukurun iska, amma shiru kake ji. To ɗana, shirun za ka ci gaba da ji, domin wannan sukurun da ku yaran yanzu kuke gaggawar kai wa sukundireba ba shi da iko a kan gudu. Aikinsa shi da ƙaramin jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta, yana ƙarewa ne tun totur bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu allurar cikin kafireta ce ke mulki, daga can kuma zuwa ƙarshe babban jet ne ke shayar da inji. Wanda ya shekara a gareji bai san wannan ba, waya yake dannawa lokacin da ake aiki.

Ba zan tsaya koya maka kwance kafireta ba. Abin da nake so ka fara ganowa shi ne, mai ne ya yi wa injin kaɗan ko kuwa iska. Ka hau babur ɗin, idan ya fara shaƙewa ka ɗan ja cok, wato abin da ke rage wa inji iska. Idan ya farfaɗo, yunwar mai yake yi. Idan ya ƙara mutuwa, mai ya yi masa yawa, sai ka duba soson iska wanda ƙurar hunturu take toshewa. Sannan ka kashe shi yana cikin gudun, ka kama kuloci, ka tsaya ka kwance fulogi. Baƙi mai kunkunniya mai ne ya yi yawa, fari fat yunwa ce, lafiyayye kuwa launinsa kamar shayin da aka zuba wa madara. Wannan farin fulogin nake so ka ji tsoro, domin shi ya taɓa cinye mini guzurin salla.

Bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane ɗan kabu-kabu da ya shigo garejinmu a nan Jega magana ɗaya yake yi, wato a rage wa babur shan mai. A cikinsu akwai wani da na yi wa aikin inji gaba ɗaya, na sa masa sabon fistan da ringi, na daidaita bawul, na saita kafireta yadda ya kamata. Ya roƙe ni in ƙara matse masa mai, na ƙi, na kuma gaya masa dalili a gaban mutane: injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi, idan aka hana shi mai, zafi yake ɗauka, a ƙasar da zafin bazara ke haura maki 40. Ya ce ya ji, ya biya rabin kuɗin aiki, ya ce sauran sai ranar kasuwa.

Ba a jima ba sai ga babur ɗin an ɗauko shi a bayan mota daga hanyar Birnin Kebbi, inji ya kama, fistan ya narke a ka. Mutumin nan bai ko yi mini sallama ba, ya tara mini jama'a yana rantsuwa cewa kayan jabu na sa masa, kuma babu hannun da ya taɓa babur ɗin sai nawa. Aka kai magana gaban manyanmu na sana'a, aka ce in yi haƙuri in gyara saboda sunana da furfurata. Na sayi fistan da ringi da gasket da kuɗina, na kai bulok aka rore shi, wato aka faɗaɗa ramin fistan, ana saura kwanaki kaɗan babbar salla, har ragon da na yi niyya ya gagare ni a shekarar. Sai da na zo haɗawa na buɗe kafireta, na tarar da silin wayar wuta an zura shi cikin ramin babban jet an lanƙwashe bakinsa, an kuma sauke allura har ƙasa. Ashe da ya bar wurina wani ɗan koyo ya kai wa a bakin tasha, ya yi masa abin da na ƙi yi. Da na nuna masa wayar, ko kunya bai ji ba, cewa ya yi bai san da ita ba, kuma har yau sauran kuɗin aikina suna hannunsa, yana wucewa ta gaban garejin nan yana kau da kai. Tun daga ranar duk kafiretar da na saita sai na ɗiga fenti a kan sukuranta a gaban mai ita, kuma duk yaron da na kama yana zura waya a jet a garejina ya gama koyo a wurina.

Saboda haka idan fulogin Jincheng ɗinka ya fito fari, ka ciro babban jet ka ɗaga shi sama ka ga ko haske yana ratsa shi sosai. Iska ake hura masa, ba a sakace shi da allurar ɗinki, domin ramin zai buɗe ya lalace. Sai ka zare tiyo daga kafireta ka buɗe famfo ka ga yadda mai ke zuba. Tsohon tanki yana tara tsatsa, man bumburutu kuma yana zuwa da datti da ruwa. Akwai ɗan ƙaramin rami a murfin tanki wanda iska ke shiga ta cikinsa. Idan ya toshe, babur zai yi gudu na ɗan lokaci ya mutu, a buɗe murfi a ji ya shaƙi iska, ya sake tashi lafiya. Mutane da yawa sun sayi sabuwar kafireta a kan wannan ramin. Ka duba fulot, wato abin da ke iyo a kan mai a cikin kafireta, ko an lanƙwasa shi ƙasa, ka duba robar da ke haɗa kafireta da inji ko ta tsage tana satar iska. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a gwada, ba a taɓa uku a lokaci guda.

Idan kuwa inji yana kururuwa amma gudu ba ya ƙaruwa, ka bar kafireta ta huta, faifan kuloci ne ke sulɓi. Idan kuma sai ya yi zafi ƙarfinsa ke tafiya alhali fulogi yana da kyau, to zargi ya koma kan bawul da ya matse ko kwayil da ya gaji. Wannan ka kira ni in zo, kada ka buɗe kan injin mutane ba na nan.