Kar Ka Taɓa Ta Sai Aikin Nan Ya Bar Hannunmu

Ka ce, "Oga, sabon zubin manhajar kiɗa ta Kontakt, wato Kontakt 8, ya fito tun 2024, mu muna kan 7, in sabunta yau kafin mu ƙarasa kiɗan makarantar nan?" Ɗauke hannunka daga linzamin nan tukuna. Ku yaran yanzu da kun ga an rubuta "sabo" sai jikinku ya hau rawa, ba ku tambayar me zai biyo baya. Tambayar nan taka ta fama mini tsohon miki.

Yadda ake saukewa da girkawa ba zan ɓata yawuna a kai ba, kowane yaro a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya iya. Abin da ba ka gane ba shi ne, Sibelius, manhajar da muke rubuta notar kiɗa da ita, takarda ce, ba ta da murya. Kai ka rubuta nota, ita ta aika umarnin MIDI, wato saƙon da ke cewa wace nota za a kaɗa, manhajar samfur irin Kontakt ce ke ɗauko sautin da aka naɗa daga hannun makaɗi na gaske ta kaɗa maka. In ka canza makaɗin ana tsakiyar biki, kiɗa zai canza. Kuma abin da ka adana da sabon zubi, tsohon ba ya buɗe shi. Wannan ban karanta shi a littafi ba, da kuɗina na saye shi.

Shekarun baya wani mai haɗa tallace-tallace ya zo har nan Agege, yana son kiɗan talla na daƙiƙa 60: bayolin da begila a sama, kalangu a ƙasa. Kalangun da kunnena zai yarda da shi babu shi a kayan samfur na Turawa, sai na ɗauko wani makaɗi daga Idi-Araba. Dare 2 muka yi muna naɗa, sai janaretocin maƙwabta sun yi shiru muke farawa. Bugu ɗaya-ɗaya, ya matse tsarkiya a hammata, ya saki, mai ƙarfi, mai taushi. Na yanka su, na jera kowanne a kan maɓallinsa. Babu wanda ke da irin kalangun nan a Legas a lokacin, ni na san haka. Mun yi ciniki naira 400,000. Na nemi kafin alƙalami, ya dafa kafaɗata ya ce haba, ai mu 'yan gida ne. Na ji kunya na bari.

Ana jibi in kai aiki, manhajar da nake amfani da ita lokacin ta nuna sabuntawa. Na danna. Na buɗe kalanguna, na adana shi a kan tsohon, ban ajiye kwafi ba. Ranar kai aiki na yi kusan awa 3 a cunkoso tsakanin Oshodi da Mushin kafin in isa situdiyon haɗa sauti a Surulere. Kwamfutarsu tsohon zubi ce. Aka buɗe aikin, layin kalangu shiru. Injiniya ya kalle ni, mutumin ya kalli agogonsa, ya ce lokaci ya wuce, masu kamfani sun fasa, ba za a biya ba.

Amma gwajin da na ba shi a filashi mako guda kafin nan yana hannunsa, tsaf, ba wata alama a kai. Bayan wata 2 ina cikin danfo wajen Iyana Ipaja, direba ya ƙure rediyo, sai ga kalanguna. Ba kama ba ce. Akwai wurin da zoben makaɗin ya taɓa itacen gangar, 'yar ƙara "kas", na bar ta da gangan don tana ba kiɗan rai. Ita na ji. Na kira lambarsa har na gaji. Makaɗin daga aljihuna na biya shi, don shi ya yi aikinsa. Har yau in na tuna, abinci ba ya yi mini daɗi.

To ka ji. Sai mun gama kiɗan makarantar nan, ka fitar da kowane kayan kiɗa daban a fayil ɗin sauti na WAV, 48 kHz, ka zuba a faifai biyu. Sauti ba ruwansa da zubin manhaja. Ka fitar da rubutun ma a MusicXML, tsarin da sauran manhajojin rubuta nota ke iya buɗewa. Masu amfani da manhajar rubuta nota ta Finale sun ga amfanin haka da aka daina haɓaka ta a Agustan 2024, bayan shekara 35. Sannan ka girka Kontakt 8 a gefen 7, suna zama tare, ba sai ka cire ɗaya ba. Kayanmu da muka naɗa da hannu, kwafi za ka buɗe, asalin kar ka kusance shi. Kuma kar wani ya ruɗe ka da Kontakt Player na kyauta: irin kayanmu minti 15 yake kaɗawa ya tsaya.

Bayan ka girka, ɗauko tsohon aiki da ka haddace ka saurara da kunne, ba da ido ba. Ka duba wurin da bayolin ke komawa tsinke da yatsa, ka duba ko umarnin MIDI na CC1 na ɗaga ƙarfin sauti yadda muka rubuta. Ku kuna kallon allo ya yi kore ku ce an gama.

Mai makarantar nan kuma, ya biya rabi ko bai biya ba? In bai biya ba, gwajin da za ka tura masa yau ka ɗora muryarka a kai duk bayan daƙiƙa 10. Tashi ka duba man janareta, an ɗauke wuta.