Takardar likita ta zo kantar famasi, na bayar ko na hana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Wata uku kenan da na fara aiki a wani famasi a unguwarmu, ogana famasis ne amma ba kullum yake zama ba. Damuwata takardun da ake kawowa, wata ta sha ninki a aljihu har ta yi laushi, wani kuma hoto zai nuna min a waya yace daga asibiti aka turo. Rannan wani yaro ya kawo takarda ba suna ba kwanan wata an rubuta tramol, na hana shi, sai ga babansa ya zo yana ta faɗa wai na raina shi. Na yi kuskure ne? Kuma in rubutu ya gagare ni karantawa ya zan yi?
Ƙanwarki daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ba ki yi kuskure ba wallahi, ko ni ce a kantar nan hana shi zan yi. Takardar da ba sunan mara lafiya, ba kwanan wata, ba sa hannun likita balle hatimin asibiti, ai ba takardar likita bace, takarda ce kawai. Kuma tramol ba farasitamol bane, kin ga dai abin da kodin ya yi wa matasanmu har gwamnati ta hana shigo da sirof ɗin tari mai kodin da haɗa shi a 2018. Irin waɗannan ki bar wa oga, shi ke da lasisin PCN, wato hukumar da ke kula da aikin famasi, shi za a tuhuma. Hoton waya ma haka, hoto ɗaya sai ya zaga shago biyar a rana, ki ce a kawo ainihin takardar.

Amma ni abin da ya fi ɗaga min hankali shine tambayarki ta biyu, don nan ake kashe mutane ba da niyya ba. Likita ya yi miki tafiyar tsutsa, layi ya yi tsawo, kwastoma na ta duba agogo, sai zuciya ta ce miki ai wannan kamar kaza ne. Kar ki yarda da "kamar". Dubi carbimazole da carbamazepine, na farko na cutar maƙoƙo ne na biyun na farfaɗiya, a rubutun sauri kusan ɗaya suke. Ga chlorpropamide na ciwon suga da chlorpromazine na taɓin hankali, ki ba wanda bashi da suga na farkon sai sugansa ya faɗi ya some a gida ba wanda ya san dalili. Ɗigo ma kaɗai ya isa, an rubuta .5mg biro bai fito da ɗigon ba ki karanta 5mg, kin ninka sau goma kenan. Ki kira oga, ko a kira asibitin, in duk ba a samu ba a mayar da takardar a sake rubutawa, ba abin kunya bane.

Sannan kafin hannunki ya kai kan kwali ki tambaya, wa zai sha? Galibi wanda ya kawo takardar ɗan aike ne. In yaro ne mara lafiyar shekarunsa nawa, kilo nawa. In mace ce akwai ciki ko goyo, amma don Allah a hankali, ki ja ta gefe, ba a tsakiyar maza za ki ɗaga murya ba. Ki tambayi ko wani magani ya taɓa yi masa illa, musamman su Septrin da Fansidar, akwai waɗanda fatarsu ke saɓulewa in sun sha.

Su bd da tds ɗin nan da likitoci ke rubutawa, wato sau biyu da sau uku a rana, kuma namu ne, kar ki kwafa wa mutum haka, ki rubuta masa safe da dare ko sau uku a rana a jikin ledar, sai ki ce ya maimaita miki.

Baban yaron kuwa in ya dawo kar ki biye masa, ki ce Baba ka yi haƙuri ba ni da ikon bayar da wannan, ga lokacin da oga ke zuwa, ka taho da mara lafiyar ko katinsa na asibiti.