Amsa: Me ke jinkirta zuwan sabbin taragan jirgin ƙasa?

Salam Malam, ka tambaya me ya sa kullum ake cewa taragai na hanya amma shiru. Gaskiya tarago ba kamar trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ba ne da za ka je gareji ka biya ka tuƙo abinka, sai an ba da oda sannan kamfani ya fara ƙerawa daidai da faɗin layinku, kuma in gwamnati ta yi jinkirin biyan kason kuɗi aiki sai ya tsaya cak, wasu su shiga gabanku a layi.

Mu nan Ghana ma matsalarmu biyu ce. Ta farko, tsohon layin da Turawa suka bari, wanda ya haɗa Takoradi da Kumasi, siriri ne, mita 1.067, sabon na Tema zuwa Mpakadan kuwa mita 1.435 ne, to ka ga taragon wannan ba ya hawa wancan ko kaɗan. Ta biyu, jirgin da kamfanin Pesa na Poland ya ƙera mana ya sauka tashar ruwa ta Tema a 2024, ana cikin gwaji a watan Afrilu ya yi karo da wata babbar mota da aka bari a kan dogo. Wallahi abin ya min ciwo, sabo fil, ko fasinja bai fara ɗauka ba.

Ni dai a ganina laifin bai tsaya kan masu ƙerawa kaɗai ba. Tarago ko ya iso yau, in ba a gyara dogon Kumasi ba haka za mu ci gaba da cunkoso a tashar mota ta Circle da ke Accra muna jiran bas.